Ƙyalli a Kwance

Shagon Anti ɗaki ɗaya ne a saman bene, a kan shagon mai gyaran waya. Taga ɗaya gare shi, da dogon tebur, da kujeru uku. A nan muke yin 'yan kunne da abin wuya da maɓallai da yumɓun roba, wannan da yake zuwa a leda kamar sabulu, launi-launi, wanda ba ya bushewa ko zai shekara a ajiye sai an gasa shi a oben. Mu uku ne: Anti mai shagon, da wata da muke ce wa Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, sai ni. A gida Auta ake kirana. A shago Rediyo ta sa mini Malama Shiru.

Aikin ƙyalli ni aka bar wa. Akwai yumɓu mai ruwan zinariya, akwai na azurfa, akwai na tagulla. A cikinsa akwai wasu ɓarɓashi ƙanana masu faɗi, ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya. Idan aka yanko shi daga leda dishi-dishi yake, don kowane ɓarɓashi ya juya inda ya ga dama. Sai in sa shi a injin murza taliya, in ninke, in sake murzawa, ninki iri ɗaya, fuska ɗaya, sau ashirin, sau talatin, har su kwanta duka. Da sun kwanta sai haske ya zo.

Daga nan sai in danna hatimi a kai, na ganye ko na igiyar ruwa. In ɗauki siririyar reza in ɗan lanƙwasa ta, in riƙa aske tudun kaɗan-kaɗan har fuskar ta koma sumul. Tudun ya tafi, amma zanen yana nan. Ido yana ganin rami da tudu, yatsa kuwa ba ya jin komai. Masu saye sukan shafa, su sake shafawa, su ɗaga su duba baya.

Shekarata uku ina wannan aikin, Baba bai taɓa ganin ko guda ba.

Baba mai fentin mota ne, ya fi shekara talatin yana yi. Da na bar makaranta ina ƙarama, don ba na iya buɗe baki a aji, sai ya riƙa tafiya da ni gareji. In zauna a kan gwangwanin fenti da aka kife, in yi ta kallo. Idan ya gama goge mota yakan kira ni.

"Auta, zo ki durƙusa nan. Ba a kallon mota a tsaye."

Sai ya zuba ruwa a kan bonet, mu durƙusa tare, haske ya bi ruwan ya gangara. Ni kyau nake gani. Shi kuwa sai ya miƙa yatsa ya ce, "A nan hannu ya yi nauyi." Ko aikin wani ne, ko nasa ne, sai ya sami abin nunawa. Ban taɓa jin ya ce abu ya yi kyau ba. Idan ya zagaya mota sau biyu ya sami aibu ɗaya kacal, abokan aikinsa sukan yi ta murna kamar an ba su kyauta.

Wannan yatsan nake tsoro.

Yakan tambaye ni lokaci-lokaci idan na dawo. "Wai me kuke yi ne a saman benen nan?"

"'Yan tarkace ne, Baba."

"Ki kawo mu ga tarkacen wata rana."

"To."

Sau da yawa na sa ɗan kunne a jaka na zo da shi har bakin ƙofarsa. In tsaya, in tuna wurin da reza ta ɗan zurfafa, in ce bari dai sai na yi wanda ya fi wannan. Washegari in mayar da shi shago.

Idonsa na hagu ne ya fara tafiya. Bai gaya wa kowa ba sai da ya buge ƙofar mota da kafaɗa sau biyu a rana ɗaya. Ya daina zuwa gareji. Na dama ma ya soma tsukewa, ya ce kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu. Likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ce jijiyar ce take mutuwa, magani zai rage mata gudu ne kawai.

Ranar da suka dawo daga asibiti karo na uku, Umma ta same ni a kicin ina wanke kofuna. Ba ta kalle ni ba, ta ɗauki tsumma tana gogewa.

"Na san abin da kike yawo da shi a jaka," in ji ta. "Idan kina so ya gani, kada ki ce sai kin shirya. Ɗan abin da ya rage masa ba zai jira ki ba."

Washegari da yamma na kawo masa mafi kyawun abin da na taɓa yi. 'Yan kunne ne na tagulla, zanen ganye, kowanne bai fi ƙumbar babban yatsa ba. Na goge su har suna ɗaukar ido. Yana zaune a bakin gado, rediyonsa a gefe. Na durƙusa na sa masa a tafin hannu.

"Mene ne wannan?"

"Tarkacen ne, Baba."

Ya shafa da yatsa. Ya kai su kusa da fuska, ya matsar, ya sake kawowa. Ya daɗe yana yi. Sannan ya yi murmushi.

"Ya yi kyau ƙwarai, Auta. Madalla. Allah ya yi albarka."

Na dubi hannunsa. Bayansu yake kallo, wajen da ba zane, inda muke manna ƙarfen. Na karɓa na ce na gode, na fita. Na je bayan gida na tsaya wajen igiyar shanya na daɗe. Shekara uku ina gudun kada ya ga aibu, yau ga shi ya yaba, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar wannan yabon ba.

Da safe na kai masa shayi. Zan juya ya ce in zauna.

"Jiya na shafa abin nan, sumul yake kamar gilashi. Ummanki kuma ta ce akwai ganye a ciki. Yaya ake yi?"

Na soma faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa. Na yi masa bayanin ɓarɓashin, da injin, da yadda sai sun kwanta fuska ɗaya. Na gaya masa idan aka yanka aka juyo gefen sama, wurin yakan yi duhu, don ɓarɓashin suna tsaye. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gabansa ba. Yana ta gyaɗa kai, can sai ya fashe da dariya har shayin ya fallatsa masa a riga.

"Ashe aikina kika sata kika kai saman bene. Fenti mai ƙyalli ai haka yake. In ka matso da bindigar feshi, ƙyallin ya nutse. In ka ja baya da yawa, ya bushe a iska ya sauka a tsaye. Sai ka lallaɓa shi ya kwanta." Ya ɗaga hannu yana kai shi dama da hagu a hankali, kamar bindigar tana ciki. Sai ya sauke. "Amma ku kuna da ƙarfin hali. Abu kamar ƙumba. Mu ko gwaji za mu yi, sai mun sami falle kamar murfin tukunya. Launi ba ya buɗe baki a ƙaramin wuri."

Bai ce bai gani ba jiya. Ni ma ban ce na sani ba.

A shago na wuni ina juya maganar. Falle kamar murfin tukunya zai ci yumɓun da muke yin 'yan kunne hamsin da shi. Akwai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur, inda nake zuba askin da reza ta cire, na tagulla da na zinariya, tun ranar da na fara. Ya kusa cika. Na Anti ne, sai an tambaya. Sau uku ina buɗe baki ina rufewa.

Rediyo ta ajiye filaya. "Anti, Malama Shiru na son yin jawabi. Tun safe take haɗiyar yawu kamar mai ciwon wuya."

"Bar ta mana," in ji Anti. "Mene ne, Auta?"

"Gwangwanin nan nake so."

"Gwangwani kuma? Za ki buɗe kanti ne?" in ji Rediyo.

"Abin ciki nake so. Da farantin oben, kwana biyu." Na sunkuyar da kai. "Babana ne. Ƙanana ba ya ganinsu."

Rediyo ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Ta sunkuya da kanta ta jawo gwangwanin ta dire a gabana.

Anti ta ce, "Ɗauki. Amma ki sani, bakin injin nan bai fi tafin hannu ba. Sai kin yi falle uku kin jera. Inda kika haɗa zai nuna, ba makawa."

"Zan lallaɓa shi."

Askin ya yi tauri saboda daɗewa. Na wuni ina murza shi a hannu, ina ɗumama shi a hammata, har ya saki. Tagulla da zinariya suka gauraya suka ba da wani launi kamar zuma a rana. Na raba uku, kowanne na bi da shi ta inji sau talatin. Rediyo tana juya mini hannun injin tana ba ni labarin maƙwabciyarta da ta rina gashi ya fito kore, ni ina ƙirgawa a zuci. Na jera fallayen a kan faranti, na karkata bakin kowanne da reza don ya hau kan ɗan'uwansa, na bi da kwalba a hankali. Haɗi na farko ya ɓace kamar ba a yi ba. Na biyu kuwa hannuna ya ɗan goce, bakin ya juyo. Wani siririn layi ya fito, kamar gashi. Na shafa, na sake shafawa. Idan ka tsaya a kansa ba ka ganinsa. Na nuna wa Anti, ta sa tabarau ta duba ta ce ita dai ba ta ga komai ba.

Hatimanmu duk ƙanana ne, zanensu siriri. Na yanko guntun igiyar shanyar Umma, na naɗe ta kamar dodon koɗi daga tsakiya zuwa baki, na ɗora katako na danna da duk ƙarfina. Da yamma na tarar da Umma a tsakar gida da jiƙaƙƙen zane a hannu.

"Wane mara tsoron Allah ne ya rage mini igiya?"

Na ce ni ce. Ta kalle ni, ta kalli hannuna da ya yi ja da murza, ta rataya zanen a kan ƙofa.

Aske shi ya ci kwana biyu. Ban taɓa aske wuri mai faɗi haka ba. Reza tana shiga, siririn yumɓu yana naɗowa, zanen igiyar yana zama a ƙasa kamar abin da ke kwance cikin ruwa. Wajen zagaye na ƙarshe wuyana ya ƙage, na ɗan zurfafa. Na rufe shi da takardar azurfa don kada ya ƙone, muka gasa. Na goge shi da sanfefa cikin ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Saura gogewar ƙarshe da ke fito da sheƙi, wadda muke yi da tsohon wandon jins. Ƙaramin abu minti kaɗan ne. Wannan na yini ina gurza, tsakiyar ta ɗan ɗauka, gefen yana nan dishi-dishi.

"Ki ƙara kwana biyu," in ji Anti, "zai yi kamar madubi."

Na kusa cewa to. Amma da safen nan Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya wuce shi da kusan taƙi guda, ya yi kamar tebur yake sharewa. Na naɗe abin a tawul na tafi da shi.

Washegari da sassafe na shiga ɗakinsa da shi a ƙirji.

"Baba, na kawo murfin tukunyar."

Ya miƙo hannu. Na ja baya. "Kada ka taɓa. Kalla kawai."

Ya juya kai nan da can. Labule a buɗe yake, amma na ga idon yana yawo bai sami wurin sauka ba.

"A ɗaki ake duba aiki?" in ji shi. "Wa ya koya miki? Fitar da ni waje."

Na kama hannunsa muka fito tsakar gida. Rana ba ta daɗe da fitowa ba, haskenta yana shigowa a kwance ta kan katanga. Ya ɗaga fuska ya nemo inda ɗuminta yake, ya juya mata gefe.

"Jingina shi da bango. Ba a miƙe ba, kwantar da shi kaɗan. Kin goge shi ya yi sheƙi?"

"Bai gama ba."

"To ɗebo ruwa."

Na ɗebo a kofin roba. Kafin in dawo ya dafa bango ya soma sauka, gwiwoyinsa suna ƙara. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, in ka durƙusa wa zai ɗaga ka? Ni dai bayana ba zai iya ba."

"Wadda ta sa ni durƙusawa ita za ta ɗaga ni. Auta, zo nan gefena. Zuba daga sama, a hankali."

Na durƙusa na zuba. Ruwan ya bi fuskar ya sauko, launin ya buɗe gaba ɗaya. Igiyar ta taso daga ciki, zagaye bayan zagaye, haske yana bin ta yana juyawa. Ni kaina ban taɓa ganinta haka ba. Ban kalli abin sosai ba, fuskarsa nake kallo.

Ya rufe idon hagu da tafin hannu, ko da yake ba abin da yake gani da shi. Ya karkata kai, ya matsa kaɗan, ya dawo. Ruwan ya soma tsanewa daga sama.

"Ƙara."

Na ƙara. Na ce a raina, in ya ce madalla, zan ɗauke abina in mayar saman bene, ba zan sake kawo komai ba.

Ya bi da kansa a hankali daga hagu zuwa dama, kamar yadda yake bin bonet. Ya tsaya. Ya koma baya kaɗan. Sai yatsan ya taso.

"Nan," in ji shi. Bai taɓa ba, ya tsayar da shi a iska, ya ja shi daga sama zuwa ƙasa. "A nan kika haɗa. Ƙyallin ya tashi tsaye, ga layi nan baƙi."

A kan layin yatsan yake, daidai.

"E, Baba."

"Kuma wannan abin da ya naɗe kamar dodon koɗi, da kika zo na waje kin gaji. Kin danne hannu, ya shanye."

"E, Baba."

"Oh ni," in ji Umma. "Yarinya ta yi sati tana wahala, ta yanke mini igiya, ka buɗe baki da aibu?"

"Ke dai je ki duba abin da kika ɗora." Bai ɗauke ido daga kan abin ba. "Falle nawa kika jera?"

"Uku."

"Haɗi biyu ke nan. Zuba."

Na zuba. Ya bi shi tun daga wannan baki har wancan, ya sake dawowa. Ya daɗe ƙwarai, har ƙafata ta yi sanyi. Daga ƙarshe ya sauke hannun da ya rufe ido da shi.

"Ɗayan ban same shi ba," in ji shi. "Ko idon ne, ko kin iya."

Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a cikin kofin. Bai gani ba, ko ya gani ya ƙyale. Ya ce in ƙaro ruwa. Muka zauna a nan ina zubawa yana kallo, har rana ta hau sama hasken ya daina zuwa a kwance. Sannan na sa kafaɗa na ɗaga shi, Umma tana ta mita tana riƙe da ɗaya hannun.

Mun sake yi sau huɗu a satin nan. A na biyar ya karkata kai ya daɗe, ya ce yau akwai gajimare. Babu gajimare ko ɗaya. Bayan wata biyu ya daina sanin an kunna fitila sai in ya ji ƙarar makunni.

Abin yana nan jingine a tsakar gida. Anti ta ce in kawo a ƙarasa gogewa, ko in sake wani wanda ba layi, tunda yanzu hannuna ya saba. Na ce to, ban kai ba. A shago akwai akwati cike da 'yan kunnen da na yi ta kaiwa bakin ƙofarsa ina dawowa da su lokacin yana da ido biyu. Wani lokaci nakan ɗauki ɗaya in kai taga, in durƙusa, in yi ta neman inda da zai nuna. Rediyo takan ce Malama Shiru ta fara gaida 'yan kunne.

Wasu ranakun da safe yakan ce in fitar da shi. Ba ya durƙusawa yanzu, kujera nake ajiye masa. Yakan ce, "Zuba masa ruwa," in zuba, ya saurari saukarsa.

"Layin yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Dama na faɗa miki."

Ɗaya haɗin yana wajen hagu, ɗan nesa da tsakiya. Ni na san inda yake, don ni na yi shi. Da ruwa da rana na sha dubawa, wani lokaci in ga kamar ga shi, wani lokaci in rasa. Ban gaya masa wurin ba, shi ma bai sake tambaya ba.